Kalmar sirri kaɗai ba ta tsare kwamfutar da ta faɗa hannun wani

A watan Janairun 2019 sojoji suka kai samame ofishin jaridar Daily Trust da ke Abuja, suka kwashe kwamfutoci. A irin wannan hali kalmar sirri ba ta wadatar, domin ana iya zare faifan ajiya, a haɗa shi da wata na'ura, a karanta komai, har da sunayen majiyoyi.

Maganin haka shi ne kulle faifan dungurungum da BitLocker a Windows, ko FileVault a Mac. Sai dai mabuɗin yana nan cikin ƙwaƙwalwar na'urar muddin tana kunne ko tana barci. Shi ya sa ake kashe ta gaba ɗaya kafin ta bar hannun mai ita.