Dafin Teku da Wuta Ba Ta Kashewa

Yawancin dafin da ake samu a jikin kifi da sauran halittun teku ba su suke samar da shi ba. Asalinsa wasu ƙwayoyin gansakuka ne da ido ba ya iya gani, waɗansu suna yawo a cikin ruwa, waɗansu suna manne da ciyawar teku. Idan ruwa ya yi ɗumi, musamman inda takin gona da ƙazantar birane ke kwarara cikinsa, sukan hayayyafa fiye da kima, wani lokaci har teku ya rine ya koma ja. Ƙumba da kawa, da yake tace ruwa suke yi su sami abinci, sai dafin ya taru a cikinsu. Ƙananan kifaye ma su ci, manya su haɗiye ƙanana, a kowane mataki dafin yana ƙara taruwa, har ya iso kwanon ɗan Adam.

Cutar da ta fi yaɗuwa ita ce sigwatera, wadda ake ɗauka daga kifin da ke zaune a duwatsun murjani na yankin Karibiyan da tekun Fasifik da na Indiya. Ana ƙiyasta tana kama dubun dubatar mutane kowace shekara. Sai a shekarun 1970 masana daga Japan da Polinesiya ta Faransa suka gano gansakukar da ke haifar da ita a tsibiran Gambier. Da amai da gudawa take farawa, sannan leɓe da yatsu su ɗauki ƙaiƙayi da mutuwar jiki. Alamarta mafi ban mamaki kuwa ita ce rikicewar jin zafi da sanyi: mai ciwon ya taɓa ruwan randa ya fizge hannu kamar ya taɓa garwashi. Wasu ma sukan ji kamar haƙoransu za su zube, alhali suna nan daram. Ba kasafai take kisa ba, amma takan ɗauki makonni ko watanni, kuma shan giya ko sake cin kifi na iya tayar da ita. Tun daga 2004 ake samun ta a tsibiran Kanari, daura da gaɓar arewa maso yammacin Afirka.

Wani dafin gansakuka, saksitoksin, ya fi wannan saurin illa. Yana toshe hanyar da jijiyoyi ke isar da saƙo, jiki ya shanye, numfashi ya tsaya cikin 'yan sa'o'i. A 1987, a garin Champerico na ƙasar Guwatemala, mutum 187 suka kwanta bayan cin ƙumba, 26 suka rasu. Ƙarfinsa ya kai an sa shi cikin jerin abubuwan da yarjejeniyar hana makamai masu guba ta duniya ke sa wa ido.

A ƙarshen wannan shekarar ne aka ga wani sabon abu a Kanada. Sama da mutum 100 suka kamu bayan cin ƙumbar da aka kiwata a tsibirin Prince Edward, aƙalla 3 suka mutu, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma suka kasa riƙe sabon abu a kansu, a gaya musu magana yanzu, an jima ta gushe. Sinadarin domoyik ne ya lalata sashen ƙwaƙwalwa mai adana tunani. Shi ne kuma ya kashe zakunan teku fiye da 400 a gaɓar Kalifoniya a 1998, aka riƙa tsintar su a kan rairayi suna farfaɗiya. Ana kyautata zaton shi ne ya ruɗar da tsuntsayen da suka yi ta faɗa wa gidaje a garin Capitola a 1961, lamarin da ya ja hankalin Alfred Hitchcock lokacin da yake shirya fim ɗinsa kan harin tsuntsaye.

Dabbobin ruwa su suka fi ji a jika, domin ba mai gargaɗinsu. A Fulorida ta Amurka, rinewar teku ta 1996 ta hallaka ayu kusan 150. Dafin gansakukar da ta jawo ta yana bin iska idan igiyar ruwa ta fashe, mutanen da ke bakin gaɓa su kama tari, masu asma su sha wahala ko ba su ci komai ba. A 2016 kuwa miliyoyin kifin salmon suka mutu a gonakin kifi na kudancin Chile.

Kifin fugu na Japan, ɗan'uwan talibamban na kogunan Afirka, labarinsa dabam ne. Dafinsa, tetrodotoksin, ana danganta shi da ƙwayoyin bakteriya, kuma ya fi taruwa a hanta da ƙwai. Sai mai lasisi ake yarda ya feɗe shi don sayarwa. Duk da haka a 1975 shahararren ɗan wasan kwaikwayo Bando Mitsugoro na Takwas ya mutu a Kyoto bayan cin hantar.

Abin da ya haɗa waɗannan dafi duka shi ne tafasa da suya da ƙyafi da ƙanƙara ba sa karya su, kuma ba sa canza wari ko ɗanɗanon nama. Gwanintar dafuwa ba ta da amfani a nan. Ba su da makari kuma. Aikin asibiti shi ne tallafa wa majiyyaci, a sa masa na'urar numfashi idan ya shanye, har jiki ya fitar da dafin da kansa. Saboda haka ƙasashe masu kiwon ƙumba da kawa suke auna ruwa da nama a kai a kai, su rufe wurin kamu da zarar ma'auni ya haura.

Wadda ta fi kusa da masu sayen kifin ƙanƙara a kasuwannin da ke nesa da teku ita ce gubar histamin, wadda ba ta da alaƙa da gansakuka. Idan kifi irin su titus da tuna da sadin suka daɗe ba sanyi, ko ƙanƙararsu ta narke a hanya ko a ɗakin ajiya bayan ɗaukewar wuta, bakteriya na mayar da wani sinadarin namansu histamin. Cikin mintoci zuwa awa ɗaya fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya fito da borin jini. Ita ma suya ba ta kawar da ita, sai dai maganin borin jini yana kwantar da ita, kuma yawanci takan lafa cikin yini guda.