Taɓon Bahar Maliya da Makomar Sana'ar Jima

Umm Rakuba, a jihar Gadarif ta Sudan kusa da iyakar Habasha, an fi saninta da sansanin 'yan gudun hijirar da aka sake buɗewa a Nuwamban 2020. Yankin na dawa ne da riɗi da dabbobi, teku kuwa sai an yi doguwar tafiya ta Kassala kafin a gan shi. Duk da haka, fatar da ake feɗewa a wannan yanki tana iya samun alaƙa da baƙin taɓon gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, tashar da kakannin Hausawan Sudan suka riƙa tsallakawa zuwa Jidda.

A cikin taɓon nan, musamman gindin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, akwai ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa da matattun kifi da ruɓaɓɓen ganye. Ba su da baki, sai su fitar da wani sinadari, enzayim, ya narka abincin a waje sannan su tsotse. Da yawansu dangin Bacillus ne, dangin ƙwayar da ke nunar da kalwa ta zama daddawa.

Abin da ya bambanta su shi ne juriya. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan kashi 4 cikin 100, ga zafi, don haka enzayim ɗinsu yakan yi aiki inda na ƙwayoyin tudu ke sarewa. Majemi ya san darajar wannan, domin da gishiri ake adana ɗanyar fata. A masana'antun zamani, da farar ƙasa da sodiyam salfaid ake tuge gashi. Gashin yakan narke ya bi ruwa, kuma duk wanda ya ratsa Sharaɗa ko Chalawa a Kano ya san warin. Enzayim mai cin furotin kuwa saiwar gashin yake sassautawa, a kankare shi ɗungurungum, ruwan wanki ya fita da sauƙin dafi. Majeman gargajiya da ke jiƙa fata da kashin tattabara don ta yi laushi, aikin irin ƙwayoyin nan suke mora tun kaka da kakanni.

Kasuwar ma a buɗe take: tun a shekarun 1960 kamfanin Novo na Denmak ya fara sayar da enzayim na Bacillus ga masu yin garin sabulu. A tsallaken teku, jami'ar KAUST ta Saudiyya, wadda aka buɗe a 2009, ta duƙufa kan ƙwayoyin Bahar Maliya.

Gano ƙwayar a ɗakin gwaji ba shi ne wahalar ba. Renonta a manyan tankuna yana buƙatar lantarki da jari, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya durƙusar da jami'o'in Sudan da dama. A ganina a nan ne masana a jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello ya kamata su shigo, su haɗa hannu da Jami'ar Bahar Maliya da ke Fot Sudan, a ɗebo taɓon a gwada shi a kan fatun Kano da na Gadarif.