Lauyan Ɗaukaka Ƙara: Farautar Kuskure a Cikin Kundi

Wanda ya saba kallon shari'a a babbar kotu, ranar da ya fara leƙa Kotun Ɗaukaka Ƙara zai ɗauka ya yi ɓatan kai. Babu shaida, babu rantsuwa, babu lauyan da ke titsiye wani da tambayoyi har gumi ya keto masa. Alƙalai uku ne zaune, kowanne da tulin takardu a gabansa. Lauya ya miƙe ya ce ya dogara da abin da ya riga ya rubuta, ya ƙara 'yan kalmomi, ya zauna. Takwaransa ya yi haka, a ɗage zama sai ranar hukunci. Mai ƙarar da ya taso tun daga ƙauye ya fito yana tambayar kansa ko kuɗinsa ya bi ruwa.

Aikin an gama shi tun makonni kafin wannan rana, a kan tebur. Jarin lauyan ɗaukaka ƙara shi ne kundin shari'a, wato duk abin da aka faɗa aka rubuta a kotun ƙasa, daga takardar shigar da ƙara har zuwa sa hannun alƙali. Abin da ba ya cikin kundin, a wurin kotun sama tamkar bai taɓa faruwa ba. Ko da shaida ya shara ƙaryar da kowa a gari ya sani, in lauyan farko bai kama shi ba, na biyu ba shi da bakin magana. Sabuwar hujja ko sabon batu ba sa shiga sai da izinin kotu, kuma izinin ba arha gare shi ba. Batun hurumi ne kawai ƙofarsa ke buɗe ko yaushe, domin kotun da ba ta da hurumi, duk kyawun hukuncinta aikin banza ne.

Saboda haka farautarsa ta kuskure ce. Ina alƙali ya karkata daga doka? Ina ya karɓi shaidar da bai kamata ba, ko ya hana wani ɓangare damar kare kansa? Kotunan sama ba sa son taɓa ra'ayin alƙalin da ya ga shaidu ido da ido, kuma in kotuna biyu suka haɗu a kan yadda abu ya faru, Kotun Ƙoli ba ta rushewa sai an nuna mata karkata ƙarara. Gwani kan zaɓi batu biyu ko uku masu nauyi ya tsaya a kansu. Sabon shiga ne ke jera goma sha biyar, mai ƙarfin ya nutse a cikin raunanan.

Tsarin nan ba daɗaɗɗe ba ne. Har zuwa 1963 ƙarar ƙarshe daga Najeriya Landan take tafiya. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1976, Kotun Ƙoli kuma ta shigo da gabatar da hujjoji a rubuce a 1977. Daga nan alƙalami ya fara ƙwace fage daga hannun baki.

Sai kuma agogo, wanda ba ya jin magiya. A shari'ar da ba ta laifi ba, wata uku ne wa'adin ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan umarnin da aka bayar ana tsakar shari'a. Ƙa'ida na iya kashe ƙara tun ba a buɗe kundinta ba. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauya mutum, ba ta da inganci. Ƙararraki da yawa sun mutu a wannan rami. Na daɗe ina jin zafin hukuncin, don laifin lauya ne, amma wanda ya biya shi ke kwana a ciki.

Sai dai duk lokacin da na so in tsine wa bin ƙa'ida, shari'ar Amina Lawal kan dawo mini. A watan Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa kan laifin zina, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta yi ta kururuwa, amma kururuwa ba ta shiga kundi. Lauyoyinta, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, ba su je Katsina don su ƙalubalanci shari'ar Musulunci ba. Cikinta suka shiga suka tono. Sun nuna cewa alƙali ɗaya ya zauna inda dokar jihar ta ce ya zauna da mutum biyu, cewa mai iƙirari na da damar janye iƙirarinsa, kuma a mazhabar Malikiyya cikin bazawara na iya zama kwantacce daga tsohon mijinta har tsawon shekaru. Ranar 25 ga Satumba 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Jihar Katsina ta wanke ta, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Ƙidayar mutanen da suka zauna a kan kujera, abin da wani zai kira ƙaramar magana, tana cikin abin da ya tsaya tsakanin mace da duwatsu.

Hanyar kaiwa ga wannan gwaninta doguwa ce. Matashin lauya kan shafe shekaru yana kwana da kundi da rahotannin tsoffin shari'u, ya rubuta daftari, maigidansa ya goge rabi, ranar zama kuma ya zauna a baya yana miƙa littafi. Burinsa rigar siliki ta Babban Lauyan Najeriya, muƙamin da aka fara ba Cif Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas a 1975. Ba a nemansa sai an shekara goma ana aiki, kuma shari'un da mutum ya gudanar a kotunan sama na cikin abin da ake ƙirgawa.

Yau kasuwar da ta fi ci ita ce ta ƙararrakin zaɓe, inda tsarin mulki ya ba kotun farko kwana 180, kotun ɗaukaka ƙara kwana 60, ba ƙari ko na yini. Mutanen Kano sun ga yadda take. Ranar 20 ga Satumba 2023 kotun zaɓe ta zabtare wa Gwamna Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 165,663, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake kayar da shi a watan Nuwamba. Da kwafin hukuncin mai hatimi ya fito, sai aka ga ƙarshensa ya saɓa wa abin da aka karanta a zaure, kotun ta ce kuskuren rubutu ne. Gari ya ɗauka da muhawara, masu shayi da 'yan adaidaita suka koma masu fashin baƙin sakin layi. Ranar 12 ga Janairu 2024 alƙalai biyar na Kotun Ƙoli suka mayar masa da ƙuri'unsa da kujerarsa, ba tare da sun saurari shaida ko ɗaya ba.