Makewayin gidan abinci a bakin ruwan Kura

A ranin da ya wuce aikin tattara kalmomin noman rani ya kai ni Kura da Bunkure tare da ɗalibaina biyar, biyu daga cikinsu mata. Da azahar muka tsaya a wani gidan abinci a bakin titin Kano zuwa Zariya. Shinkafa 'yar gida ce, miyar kuwa ta tumatirin da aka tsinko da safe, babu abin kushewa. Kafin a kawo, ɗaya daga cikin ɗaliban ta raɗa wa mai abincin wata magana, aka nuna mata baya. Ba ta yi minti guda ba ta dawo, kuma ko ruwa ba ta ƙara kurɓa ba har muka shiga Kano da magariba.

Na je na gani da idona. Langa-langa huɗu ne aka jingina, ƙofa babu sakata, buta a yashe a ƙasa cikin jiƙa, babu sabulu, babu ko toka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kwatar wurin, wadda ta gangara kai tsaye zuwa ƙaramar magudanar da ke shayar da gonakin bayan shagon.

Mai nazarin harshe ba ya rasa abin tsokaci. Dubi sunayen da muka ba wannan wuri: bayan gida, ban ɗaki, makewayi. Mutum ya ce zai kewaya, ko zai kama ruwa. Kalmomin da suka fito fili, irin su masai da shadda da salga, ba a cika furta su gaban manya ba. Kunya ce, kuma ba na ƙin ta. Amma magini ya ɗauki maganar da gaske. Mai gidan abinci zai kashe kuɗi a kan tayil da fanka da talabijin a inda ido ke gani, abin da harshe ya tura baya kuwa sai a bar wa langa-langa.

A yankin nan baya ba ta da nisa da gaba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin magudanai ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. A cikinsa manomi ke tsayawa yini guda, a cikinsa yara ke wanka, da shi wasu ke ɗauraye kayan miya kafin a kai Kwanar Gafan. Ƙwan tsargiya ta fitsari yake shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya girma a jikin dodon koɗi, sannan ya huda fatar wanda ya shiga. Amai da gudawa, wanda ya yi wa Kano ɓarna a 2021, ta najasa yake isa bakin mutum. Wato abin da ya fita ta kwatar shagon yana iya komowa cikin kwanon da aka ajiye mana.

Gyaran bai kai kuɗin fanka biyu ba a wasu wuraren. A nisanta rami daga magudana da rijiya, a ɗaga shi sama inda ruwan ƙasa yake kusa, a yi daɓen siminti mai gangara zuwa ramin, a sa murfi da sakata. A rataye buta, a ware wurin alwala, a ajiye sabulu a bakin ƙofa. Mata kuma a ba su nasu, mai ƙofar da ba ta kallon teburin maza, domin rabin masu ciniki ke nan ake kora ba a sani ba.

A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko da ta daina bahaya a fili, kuma ruwan Tiga can yake gangarawa bayan ya bar mu. Ƙananan hukumomin Kura da Bunkure suna da duba-gari, suna kuma karɓar haraji daga masu abinci. Ranar da za a je karɓa, a fara zagayawa baya tukuna kafin a rubuta rasit.