Cikin ɗalibi da amanar shugaban makaranta: nazari daga Kasuwar Muda Lawal

Duk wanda ya yi sammako ya shiga Kasuwar Muda Lawal ta birnin Bauci, a sa'ar da ake sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga manyan motoci, zai ga yara waɗanda shekarunsu na zaman aji ne suna dako, ko suna zagayawa da farantan talla, alhali kuwa an riga an kaɗa ƙararrawa a makarantunsu. Wannan al'amari, wanda ya ƙara tsananta a 'yan shekarun nan, shi ne ya mayar da lafiyar ɗalibi wani nauyi da ya rataya a wuyan hedimasta, ko da yake ba a horar da shi dominsa ba.

Musabbabin farko shi ne yunwa. A 2016 gwamnatin tarayya ta soma ciyar da 'yan firamare daga aji ɗaya zuwa uku, bisa naira 70 ga kowane yaro a rana, kuma ko da yake abin da kuɗin ke saya bai taka kara ya karya ba, ya isa ya jawo yara zuwa aji. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya hau kan kowane mudu na masara da wake. Da aka dakatar da shirin ciyarwar a farkon 2024 kuma, sai magidanci, wanda kuɗin tara ya gagare shi, ya ga maslahar gidansa ita ce ya tura 'yarsa kasuwa. Ban ga laifinsa ba, wallahi, domin lalura ce ta sa.

Illar da ta biyo baya ta fi ƙarancin halartar aji zurfi. Yaron da ya zo da 'yan canji a aljihu yana sayen awara ko ɗanwake a bakin ƙofa, daga hannun da ba wanda ya duba tsabtarsa, ya kora da ruwan da ba a san asalinsa ba, a jihar da amai da gudawa ya yi wa mummunar ɓarna a 2021, wadda kuma zazzaɓin Lassa, da ɓeraye ke yaɗawa ta hanyar abinci, yake ziyarta duk rani.

Manufar kula da lafiya a makarantu, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar a 2006, ta tanadi ruwa da makewayi da duba lafiyar yara, amma takarda ba ta haƙa rijiya. Inda aka ga bambanci, za a tarar hedimasta ne ya ɗauki abin amana: ya san masu abincin ƙofarsa ɗaya bayan ɗaya, ya gayyato duba-gari da ma'aikatan asibitin unguwa ranar rabon maganin tsutsar ciki, ya zauna da kwamitin iyaye da mai unguwa da limami har a sami sabulu da randar wanke hannu. A Baucin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shugabancin makarantar Midil, wannan aiki yana bukatar kasafi daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da malami guda da aka keɓe masa, domin a yanzu yakan tsaya cik ranar da aka yi wa hedimastan canjin wurin aiki.