Jaguar E-Type da Darasin Tsohon Ƙarfe ga Mutanen Daura

Kwanakin baya na kai motata wani gareji a bayan garin Daura domin a duba mini birki, sai na tarar da waɗansu samari 'yan gwangwan sun yi wa wata tsohuwar Land Rover ƙawanya, wannan da guduma, wancan da zarto. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya shaida mini cewa tun yana yaro ya san motar, zamanin da En'e ke da ƙarfinta, kuma ba ƙaramin ƙauye ta shiga ba a ƙasar Daura. Kafin bakanike ya gama da tawa, an riga an sassare ta, an aza bisa sikeli, an biya magada kuɗin nauyinta. Ban ga laifin samarin ba, abincinsu suke nema. Sai dai tun daga ranar nake ta tunanin wata mota 'yar ƙasar Ingila, ƙasar da aka ƙera wadda aka sassare, wadda a yau attajiran duniya ke rububin saye a kasuwar gwanjo, wato Jaguar E-Type. Labarinta nake son mu waiwaya tare da mai karatu, domin akwai darasin da ya shafe mu a cikinsa.

Kamfanin da ya ƙera ta ya faro ne a garin Blackpool a 1922, inda wani matashi mai suna William Lyons da abokin sana'arsa suke ƙera akwatin fasinja da ake liƙa wa babur a gefe. Daga baya aka koma birnin Coventry, aka shiga ƙera motoci, kuma a 1945 kamfanin ya ɗauki sunan Jaguar, sunan wata dabbar dawa mai kama da damisa. A fagen tsere ya yi suna, domin motarsa D-Type ta lashe gasar Le Mans ta ƙasar Faransa, wadda ake kwana ana yini ana gudu har awa 24, sau uku a jere: 1955 da 1956 da 1957. Ilimin da aka tara a wannan fage shi aka zuba a cikin motar da za a sayar wa jama'a. Wanda ya zana siffarta, Malcolm Sayer, a masana'antar jiragen sama ya koyi aiki, saboda haka da lissafin yadda iska ke bin jikin abu ya fitar da dogon hancin nan nata da ya kusa kai rabin tsawon motar.

A watan Maris na 1961 aka baje ta a kasuwar nunin motoci ta Geneva, Nijeriya tana da wata biyar da 'yan kwanaki da samun mulkin kai. Masu son a ɗana su suka yi yawa har mota guda ta kasa, sai aka umarci direban gwaji na kamfanin, Norman Dewis, ya taso da wata daga Coventry cikin dare, ya kuwa wayi gari da ita a Geneva. Abin da ya girgiza mutane abu biyu ne: gudunta da farashinta. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.8, kamfanin ya ce yana da ƙarfin doki 265, kuma mujallun motoci da suka gwada ta sun kai mil 150 a awa, kimanin kilomita 240 ke nan. Daga tsaye takan kai mil 60 a awa cikin daƙiƙa bakwai ko kusa da haka. Tana da birki mai faifai a ƙafafunta huɗu, kuma kowace ƙafar baya tana lotsawa ita kaɗai ba tare da ta ja 'yar'uwarta ba, abin da bai yawaita ba a wancan zamani. Duk da haka kuɗinta fam dubu biyu ne da 'yan kai, alhali Aston Martin mai irin wannan gudu ta kusa ninka ta, Ferrari ta Italiya kuwa ta wuce nan.

To amma kada yabo ya rufe mana ido. Motocin da aka ba 'yan jarida su gwada an yi masu shiri na musamman, waɗanda aka sayar wa jama'a da ƙyar suke kai wancan gudu. Giyar samfurin farko tana da taurin shiga, injin yakan ɗauki zafi a cunkoso, fitilunta ba su da hasken kirki, dogon mutum kuma a takure yake zama. A hankali aka yi ta gyara. A 1964 aka ƙara girman injin zuwa lita 4.2 tare da sabuwar giya. Wajen 1968 dokokin hayaƙi da na kiyaye haɗari na Amurka, inda mafi yawan motocin ke tafiya, suka tilasta aka sauya fitilu, aka kuma rage ƙarfin waɗanda ake kai wa can. A 1971 aka sa mata inji mai silinda 12, lita 5.3, ta ƙara tsawo da nauyi da shan mai, sai ga tsadar man fetur ta 1973 ta faɗo. A 1974 aka ƙera ta ƙarshe, bayan an yi guda dubu 72 da 'yan ɗaruruwa. Shekarun da suka biyo baya, tsohuwar mota ce kawai mai cin kuɗin gyara, ana sayar da ita da araha, da yawa kuma tsatsa ta cinye su.

Yau fa? Mai lafiya daga cikinsu takan ci dubban fam masu yawa, zaɓaɓɓu na samfurin farko sukan haura fam dubu ɗari. Akwai wani samfuri mara nauyi mai jikin alminiyam da aka yi domin tsere, guda 12 kacal aka ƙera a farkon shekarun 1960. A watan Janairun 2017 an yi gwanjon ɗaya a jihar Arizona ta Amurka a kan dala miliyan bakwai da dubu ɗari uku da saba'in. Tun 1996 kuma gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya ajiye guda a cikin taskarsa, kamar yadda ake ajiye zane ko sassaƙa.

A nan ne tambayar take: mene ne ake saye da wannan maƙudan kuɗi? In don gudu ne, motocin gida da yawa na wannan zamani za su bar ta a baya, ga sanyi, ga kwanciyar hankali. Abin da mai saye ke nema shi ne asali da shaida. Zai duba ko lambar inji ta dace da lambar gangar jiki kamar yadda suka fito daga masana'anta. Zai nemi takardar shaida daga hukumar da ke kula da tarihin kamfanin, wadda ke riƙe da littattafan masana'antar, ta faɗa masa ranar da aka ƙera motar, da launinta na asali, da dillalin da aka aika wa. Zai tambayi hannun da ta bi, daga wane zuwa wane, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. Motoci biyu masu kama ɗaya, wadda ke da takardunta da rasiɗan gyaranta takan yi wa 'yar'uwarta fintinkau a farashi. Abin mamaki ma, motocin farko-farko masu shimfiɗaɗɗen daɓe, waɗanda aka yi ta kuka da su saboda matse ƙafar direba har kamfanin ya sauya fasalin, su ne yanzu suka fi tsada, domin aibin nasu ya zama shaidar cewa su ne na fari. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Mu dawo gida. E-Type mota ce mai ƙasa-ƙasa, ba a yi ta domin hanyar burji da yashin ƙasarmu ba. Motocin Ingila da suka yi mana bauta su ne Land Rover, da Morris, da Austin, da manyan Bedford masu bodin katako da suka yi dakon gyaɗa zuwa Kano, sai kuma keken Raleigh da malaman makaranta da na gona suka yi yayi. Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, ya hau gadon mulki ana tafiya bisa doki da raƙumi, ya bar duniya mota tana bin hanyar Kazaure zuwa Kano, tana kuma ƙetare Kwangwalam zuwa Damagaram. A maƙwabta, Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin sarakunan farko da suka rungumi mota. Wannan sauyi na shekara hamsin da 'yan kai yana cikin manyan abubuwan da suka faru ga talakan ƙasar Hausa: ya sauya tafiyar fatauci, da aikin Hajji, da kai mara lafiya asibiti, har da nisan garin da mutum zai iya neman aure. Ina shaidarsa da za mu nuna wa ɗalibi ya taɓa da hannunsa?

Akwai dalilan da suka sa motocin suka ɓace. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, domin ta dace da maƙwabtanta irin su Nijar, sai motocin Ingila masu sitiyari a dama suka zama baƙi a kan titi. A 1975 masana'antar harhaɗa Peugeot ta fara aiki a Kaduna, 504 ta mamaye ofisoshin gwamnati da tashoshin mota, kayan gyaran motocin Ingila suka yi wuya. Motar da ta tsaya sai a jingine ta a kango, kaji su yi ƙwai a ciki, har ran da mai sikeli zai zo. Abin takaicin shi ne Allah ya ba mu abin da Turawa ke nema ido rufe, wato busasshiyar iska. Babban abokin gabar E-Type tsatsa ce, shi ya sa masu tara motoci a Ingila suke sayo waɗanda suka zauna a busassun jihohin Amurka suna mayar da su gida. A ƙasar Daura rana takan ƙone fenti da roba da fatar kujera, amma ƙarfe yakan daɗe. Abin da tsatsa ta bar mana, mu muke kai wa guduma. Rashin sani ya fi dare duhu.

Na san wani zai ce, Malam, ana fama da tsadar hatsi da kuɗin makaranta kai kana zancen tsofaffin motoci, ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba ina kiran kowa ya zuba dukiya a abin alfahari ba ne. Hasali ma ina gargaɗin masu jin labarin miliyoyin daloli da kada su ɗauka kowace tsohuwar mota taska ce. Mafi yawansu ba su da wata daraja a kasuwar duniya, kasuwar kanta kuma tana hawa tana sauka; waɗanda suka sayi irin waɗannan motoci da tsada a ƙarshen shekarun 1980 sun tafka asara da farashi ya faɗi a farkon shekarun 1990. Darajar da nake nufi ita ce ta ilimi da tarihi da sana'a. A Ingila gyaran tsofaffin motoci sana'a ce da ke ciyar da maƙera, da masu ɗinkin fata, da masu fenti, da masu haɗa waya. Mu da muke da dukawa da maƙera na gado, da kanikawan da ke tayar da injin da wani zai ce ya mutu, me zai hana?

Kuma Daura ba baƙuwa ba ce a wajen adana abin tarihi. Da an bar rijiyar Kusugu ta rufta, da an narkar da takobin da ake danganta wa Bayajidda an yi fartanya da shi, da me baƙo zai zo gani? Abin da ya raya su shi ne an samu waɗanda suka ce wannan ba na sayarwa ba ne, suka kuma riƙe labarinsu. A Legas, motar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana nan a gidan tarihi na ƙasa, kuma yaron da ya ga ramukan harsashi a jikinta ba zai manta da darasin ba.

Shawarata uku ce. Ta farko ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura, wadda aka aza harsashinta a watan Disambar 2019: ta keɓe rumfa guda ta zama gidan tarihin sufuri, a jera tun daga sirdin doki da akumarin jaki, zuwa keken Raleigh, da Land Rover, da Bedford, da akori-kura, da 504 ta Kaduna, har zuwa jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta Daura. Ɗalibin injiniya da ya kwance tsohon inji ya mayar da hannunsa ya fi wanda ya gan shi a allo kawai. Ta biyu ga majalisar masarauta: ta sa hakimai da dagatai su rubuta duk wata tsohuwar mota ko babur da ke jingine a ƙasarsu, a kuma naɗi muryar tsofaffin direbobi da kanikawa tun suna raye, domin mota ba ta magana, su ne bakinta. Ta uku ta shafi gado. Mota dukiyar magada ce, cikinsu har da marayu, ba daidai ba ne a ce su yi kyauta da haƙƙinsu. Masu hali da hukumomi su saya a farashin da ya fi na sikeli, a rubuta sunan mai ita na asali a jikin allo.

Ga magada kuwa, roƙona ƙarami ne. Kafin ku kira mai guduma, ku ɗauki hoton motar, ku kwafe lambar inji da ta gangar jiki, ku binciko takardunta a cikin adakar tsohon, ku tambayi wanda ya sani. In ma daga ƙarshe sayarwar ce ta fi, to a sayar da sani. Land Rover ɗin da na gani an riga an narkar da ita, wataƙila yanzu rodi ce a cikin ginin wani. Amma na tabbata akwai 'yan'uwanta a kangayen Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu, kuma masu sikeli ba su daina yawo ba. Allah ya sa mu riga su isa.