Mai Bashin Gida In Zai Ƙaura: Ina Jingina Za Ta Koma?

Mutanen ƙasar Yawuri sun san ƙaura fiye da yadda ake ba su labarinta. Sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya cinye tsibirai da garuruwan bakin Kwara, aka tashi mutane fiye da 40,000, har da Gungawa da yawa da wani sashe na Yelwa, aka sake musu matsuguni a kan tudu. Wancan tashi na dole ne. Na yanzu kuwa na neman abinci ne: ma'aikaci a yi masa canji daga Yelwa zuwa Birnin Kebbi, ko ɗan kasuwan kifi ko albasa ya bar Wara ko Shanga ya koma inda ciniki ya fi. Tambayar dai ba ta sake ba. Gidan da za a bari yana jingine a kan bashi, to, yaya za a yi da bashin?

Abin da ya kamata mu fara rarrabewa shi ne, bashi daban, jingina daban. Bashi yana wuyan mai shi, gida kuwa tabbaci ne kawai da aka ba mai bin bashi. Jingina halal ce. An ambace ta a aya ta 283 cikin Suratul Baƙara, kuma ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa ga wani Bayahude a Madina a kan abinci. A mazhabarmu ta Malikiyya, in gidan jingina ya rushe ko ruwa ya ci shi, hasarar ta mai gida ce, bashi kuwa yana nan daram. In an biya diyya, ƙa'idar malamai ita ce diyyar ta tsaya a matsayin gidan. Wannan ya ishe mu mu gane cewa barin gari ba ya sauke kome daga wuyan mutum.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sauya abin jingina, watau a saki tsohon gida a kama sabo, bashin yana yadda yake. A Ingila bankuna sun saba da haka, ko da yake sukan sake binciken mai nema kamar sabon baƙo. Shari'a ba ta hana ba muddin ɓangarori biyu sun yarda, amma ba a tilasta wa mai bin bashi, domin gidan da ya karɓa tun farko shi ne haƙƙinsa. Mai gida kuma ba shi da ikon sayar da gidan jingina a ɓoye. A nan dokar ƙasa ma tana da magana. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta hana a jinginar ko a sayar da fili mai takardar gwamnati sai da izinin gwamna, kuma a 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, ta ce jinginar da ba ta da wannan izini banza ce. Saboda haka sabon gida yana bukatar sabon izini, tsohon kuma sai an rubuta takardar sakinsa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wajen sayar da gida da bashinsa. Mutum ya sami mai saye, su yi musafaha a zaure, mai saye ya ce zai ci gaba da biyan banki duk wata, mai gida ya ɗaure kayansa ya tafi. Wannan ita ce malamai suke kira hawala, amma tana da sharuɗɗa, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, Risala da Muhtasar Halil, sun yi magana a kanta. Dole mai bin bashi ya yarda. Dole wanda aka tura wa bashin ya zama shi ma ana binsa bashi tabbatacce, a nan kuwa kuɗin gidan da ya saya ne. In babu wannan, abin ya zama lamuni, ba hawala ba. Dole basussukan biyu su daidaita a yawa da iri. Malikiyya kuma sun shardanta bashin da ake turawa ya zama lokacin biyansa ya yi, don kada a faɗa cikin sayar da bashi da bashi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin wuya ga bashin gida, wanda ake biya kaɗan-kaɗan cikin shekaru masu yawa. Shi ya sa muke ganin ya fi tsabta a zauna da mai bin bashi a rufe tsohuwar yarjejeniya, mai saye ya ƙulla tasa da sunansa.

Amfanin hawala in ta inganta babba ne: mai ƙaura ya kuɓuta, ko da wanda aka tura wa ya tsiyace daga baya, sai fa in ya san da tsiyar ya ɓoye. Amma in banki bai sani ba, ba abin da ya tashi daga kansa. Ranar da mai saye ya fasa biya, sunan da ke cikin takarda shi za a nema, daga albashinsa za a ci gaba da yanka, in ya rasu kuma daga dukiyarsa za a fitar kafin magada su taɓa kome.

Ba za mu wuce ba mu taɓo kuɗin ruwa ba. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wanda aka kafa a 1977, shi ke riƙe da Asusun Gidaje na Ƙasa na 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ana kuma ba da rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30. Sauƙin ruwa bai canja hukuncinsa ba. A ganinmu, wanda ya riga ya shiga, ƙaura dama ce ta fita: ya sayar da izini, ya biya abin da ya rage, sauran kuɗin nasa ne, domin shari'a ba ta yarda mai bin bashi ya cinye gidan jingina ɗungurungum ba. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, aka sami bankunan da ke sayen gida su sayar wa mutum da riba sananniya, ko su ba shi haya mai ƙarewa da mallaka.

Saura batun rangwame ga wanda ya biya kafin lokaci. Malikiyya na da sun ƙi a rage bashi don a gaggauta biyansa. Amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi, da sharaɗin ba a ƙulla shi tun farkon ciniki ba, kuma tsakanin mai bashi da mai binsa ne kaɗai, ba da shigar mutum na uku ba. Mai shirin barin Yelwa sai ya tambayi wannan da baki tun kafin ya sa wa gidansa kuɗi, kuma amsar da aka ba shi a rubuta ta a gaban shaidu biyu.